Tsohon gida a cikin gari ko fili a bayan gari: amsa ga mai neman gidansa na farko a Katsina

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya. Ma'aikaci ne, yana haya a Ƙofar Ƙaura da iyalinsa, ya haɗa ɗan abin da ya tara da kuɗin gonar da ya sayar. Dillalai sun nuna masa abu biyu: tsohon gida mai ɗaki uku a Rafin Daɗi, na gado, da kuma fili hamsin da ɗari a hanyar Batsari. Gidan zai cinye kuɗin kaf har ya ɗan ciwo bashi, filin kuwa zai saya ya yi saura. Wanne zai kama?

Malam, Allah ya sa a shiga a sa'a. Abin da ke jan yawancinmu zuwa fili shi ne gida yana son kuɗi a dunƙule, gini kuwa yana karɓarsu a gutsure: wannan wata bulo ɗari biyu, wata mai zuwa tifar yashi. Ga mai albashi wannan yana da daɗin ji. Amma akwai abu biyu da ba a cika sa su a lissafi ba. Na farko, duk shekarar da ginin ya ɗauka kana biyan haya, kuma mai gida ba zai rage maka don kana gini ba. Na biyu, kayan gini ba sa jiran kowa. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, rodi da kwano da katako suka bi shi. Daga fandisho zuwa linta gini yana saurin tashi, har mutum ya ɗauka ya ci rabin aiki. Rufi ne ke fara nuna masa gaskiya, sannan filasta, ƙofofi, tagogi, waya, silin, salga. Ka zaga unguwannin da ke bakin Ring Road ka ƙirga kangayen da suka tsaya a linta ciyawa ta cika su. Masu su ba ragwaye ba ne, kuɗin ne suka ƙare a daidai inda aikin ya fara tsada.

Tsohon gida ba shi da wannan matsala. Ranar da ka biya ka daina haya, kuma ka tarar da wuta, da makarantar yara, da masallaci, da maƙwabta. Sai dai shi ma ba a sayensa da ido kawai. Da yawa daga gidajen cikin gari ginin ƙasa ne aka yi wa rigar siminti, don haka ka tafi da magini naka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya ƙwanƙwasa bango, ya duba gindinsa ko danshi ya ci, ya leƙa saman silin ya ga ko gara ta gama da katako. In da hali ka ga gidan a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, lokacin ne za ka san inda ruwan lungun ke bi. Ka nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe, domin sau da yawa bashin KEDCO, kamfanin rarraba wuta, yana zama a kan gidan, wanda ya shiga shi zai tarar. Lungun da mota ba ta shiga kuwa, yau ba zai dame ka ba, amma ranar da za ka sayar zai rage maka kuɗi.

Inda na fi so ka tsaya sosai shi ne takarda, domin nan ne mutane ke asarar dukiyar shekaru a rana ɗaya. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar da ke cikin birni tana hannun gwamna, abin da kake mallaka haƙƙin zama ne, wanda galibi ake bayarwa na shekara 99 a satifiket ɗin da muke kira C of O. Ko mai satifiket ne ya sayar maka, doka ta ce sai da amincewar gwamna cinikin ke cika. Takardar mai unguwa da sa hannun shaidu tana da amfaninta, tana nuna an yi ciniki a gaban mutane, amma ba ta kai satifiket ba, kuma banki ba ya karɓarta.

A nan kowanne daga cikin biyun yana da ramin da ake faɗawa. Na fili shi ne awon igiya: mai gona ya yanka gonarsa gunduwa-gunduwa ba tare da tsarin hukuma ba, ka saya, ka zuba bulo, sai wata rana ka wayi gari an shafa jan fenti a bangonka, ashe titi ne zai bi ta wurin, ko kana ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ga kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Kafin ka ba da ko sisi ka kai lambar filin ofishin KATGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar, a duba sunan wa ke kansa, ka kuma tambayi hukumar tsara birane, URPB, ko wurin yana cikin tsari, tunda dama sai da izininta za ka fara gini.

Ramin gidan gado kuwa magada ne. Babban wa ya ce shi ne wakili, kowa ya yarda, ka biya. Bayan shekara biyu wata ƙanwa da ke aure a Kano ta ce ba a tambaye ta ba, ko a ce akwai maraya da bai balaga ba kuma ba wanda kotu ta naɗa ya tsaya masa. Akwai ma shufu'a a mazhabar Malikiyya: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe. Saboda haka ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu da kansa. Wanda ya ce maka ai duk 'yan'uwa ne ba sai an wahala ba, ka gode masa ka tafi.

Zaman bayan gari ma yana da kuɗinsa. Ruwan famfo bai kai sababbin unguwanni da yawa ba, sai burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Turakun wuta da taransifoma sau da yawa karo-karo ake yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kai yara makaranta da zuwa ofis kullum daga can ba ƙaramin abu ba ne. Batun tsaro kuwa, kada ka tambayi dillali, ka tambayi waɗanda ke kwana a wurin. Amfanin filin shi ne za ka zana gidan yadda kake so, da tsakar gida mai faɗi da wurin ƙari in iyali sun ƙaru, kuma darajarsa tana tashi yayin da gari ke matsowa.

Game da cikon kuɗi, in ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari na asusun gidaje na ƙasa, kana da damar neman lamuni daga bankin gidaje na tarayya, a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har zuwa shekara 30. Wanda ba ya son ruwa yana iya tuntuɓar bankunan Musulunci irin su Jaiz, masu tsarin ijara, wato banki ya sayi gidan ka riƙa biyansa haya har ya zama naka. Dukansu dai sai gidan yana da takarda mai ƙarfi, kuma ba sa sauri, mai gidan da ke son kuɗinsa wannan mako ba zai jira ka ba.

A halinka, Malam, ni gidan zan kama, muddin maginin ya ce bangon lafiya lau kuma magada duk sun sa hannu. Bashin da za ka ciwo, kuɗin hayar da ka daina biya za su taimaka wajen sauke shi. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ya faɗi, ka koma kan filin, amma kada ka fara da zanen gida mai ɗaki biyar. Ka kewaye, ka yi ɗaki biyu da kicin da banɗaki, ka rufe, ka tare, sauran su biyo baya kana ciki. Ko wanne ka ɗauka, ku yanke la'adar dillali tun kafin a sallama, ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, kuma lauya ya rubuta yarjejeniyar.