Gargaɗi ga masu hawan keken tsere: ku guji mai tallar tayar da ya ce ba ta cinyewa

'Yan uwa masu hawan keken tsere, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe kafin ku tura wa kowa kuɗin taya ta intanet. Akwai wani mutum, ko dai gungun mutane ne, da ke tallar tayoyi a dandalin sada zumunta. Duk bayan 'yan watanni sai ya sauya sunan shafinsa, amma hotunan da kalaman suna nan yadda suke. Ya cuce ni, ya cuci abokin hawana. Asarar kuɗin na haƙura da ita tuni. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne tayar da yake sayarwa tana iya kashe mutum.

Ga yadda tallar take. Za ka ga hoton kwalaye an jera su, kowanne ɗauke da sunan Continental Grand Prix 5000, tayar da kusan duk mai keken tsere ya sani tun fitowarta a 2018. Farashin kuwa rabin na kasuwa. In ka tambayi dalilin arahar, amsa na nan a shirye: wai ragowar kayan wata ƙungiyar 'yan tsere ce da ta gama kakar wasa, ko kuma wai kwalayen ne suka ɗan lotse a hanya shi ya sa ake karya su. Daga nan sai babban alkawarin, wai sabon samfuri ne da zai yi kilomita 15,000 bai cinye ba. Tun a nan ya kamata in tsaya. Ina so in faɗa tun yanzu cewa kamfanin da aka ari sunansa ba shi da hannu a cikin wannan lamari, shi ma cutarsa ake yi.

Duk wanda ya daɗe a kan keke ya san wannan alkawari ba ya yiwuwa. Tayar tsere ana yin ta ne da roba mai laushi kuma marar kauri, don ta kama kwalta a kwana, ta kuma yi gudu ba tare da ta ja ƙarfin mahayi ba. Laushin da ke sa ta kama hanya shi ne dai ke sa hanya ta ci ta. In kana son tayar da za ta daɗe, sai an ƙara kaurin roba da taurinta, ta yi nauyi, ta rage gudu. Abu biyu ne da ba sa haɗuwa gaba ɗaya a taya guda. A shekarun da na yi ina hawa, tayar tsere ta gaske a baya tana kai ni kilomita 3,000 zuwa 5,000, ya danganta da kyawun hanya da yawan taka birki. Ta gaba kuwa tana iya ninka haka, domin kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin mahayi a kan tayar baya yake, kuma ta nan ne ƙarfin ƙafa ke sauka a kwalta. Na san duk wannan. Amma da na ga arahar, sai na ce a raina ko da rabin abin da ya faɗa ta yi ai na ci riba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na sayi guda biyu masu faɗin milimita 25. Da suka iso, wallahi ba abin da ido zai ƙi. Rubutun gefe ya fita tsaf, ga lambar 25-622 da ke nuna faɗin taya da girman wili, ga rubutun da ke cewa an yi ta a Jamus. Har 'yan ramukan nan biyu da ake yi a tsakiyar roba, waɗanda in sun shafe ka san taya ta ƙare, suna nan. Kyan ɗan maciji. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai, shi ne sauƙin da ta yi wajen hawa wili. Da babban yatsa kawai na tura ta ta zauna, ba tare da wata kokawa ba. A lokacin murna na yi. Ashe wannan sauƙin shi ne alamar haɗari mafi girma.

Kafin in cika kilomita 700, ramukan biyu na tayar baya sun shafe. Tsakiyarta ya baje ya zama shimfiɗaɗɗe, ta bar zagayen da aka san taya da shi, har in na karkata a kwana ina jin keken yana ɗan tirjewa kafin ya kwanta. Na yi faci sau huɗu cikin mako uku a hanyar da na saba bi wata da watanni ba ko ɗaya. Wata safiya ina goge keken sai hannuna ya ji wani tudu a gefen tayar, kamar ƙurji. Na juya ta ga haske, sai ga zaren ciki ya rabu, tub yana turo roba waje. Na sa farce na ɗan karce wurin, robar ta ɓantaro kamar busasshen fenti.

Da na cire ta sai na sa almakashi na yanka ta gida biyu don in ga cikinta. Ta gaskiyar tana da wani shimfiɗi na zaren Vectran a ƙarƙashin roba, wanda ke tare ƙaya da tsinin kwalba kafin su kai ga tub. A tawa babu komai, roba ce kawai a kan wani yadi mai kaushin zare. Ta gaskiyar saƙarta hawa uku ce, kowane hawa da zare 110 a inci guda, shi ya sa ake rubuta 330. Wannan kuwa da ido kana iya ƙirga zarenta. Na ɗora ta a sikeli tare da 'yar uwarta, sai na ga bambancin kusan giram 40 tsakaninsu, alhali ta gaske mai wannan faɗi nauyinta wajen giram 220 ne, kuma biyu daga masana'anta ɗaya ba sa yin nisa da juna haka.

Ni Allah ya tsare ni, a tsaye na gano. Abokina bai samu wannan sa'ar ba. Shi ma ya saya a wurin mutumin, ya sa a gaba. Yana saukowa daga wani dogon gangare sai bakin tayar ya tsallake wili, tub ya fashe da ƙara kamar bindiga, wili ya gogi kwalta, keken ya zame daga ƙarƙashinsa. Ya karye a ƙashin wuya, fatar kafaɗarsa da cinyarsa ta sale. Da na je duba shi na ga tayar, robarta ko rabi ba ta cinye ba. Bakin ne ya saki.

A nan nake so ku tsaya ku fahimta, domin mutane da yawa suna auna taya da cin roba kawai. Bakin taya, wato zoben nan da ke maƙale a cikin wili, shi ke riƙe da duk ƙarfin iskar da ka hura. A tayar da ake naɗewa ana yin sa da zaren aramid wanda ba ya miƙewa, a mai araha kuma da waya ta ƙarfe. Mai yin jabu yana sa duk zaren da ya samu. Ka hura iska ta kai bar 6 a ma'aunin ƙarfin iska, wato wajen psi 87, sai zaren ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan, in kuma keken mai birkin wili ne, zafin birki a gangare ya ƙara wa iskar ƙarfi. Ranar da ya ga dama sai ya saki, kuma ba ya sallama. Masu sabon wili marar ƙugiya a baki su haɗarinsu ya fi, domin ba abin da ke riƙe tayar sai daidaiton girman bakinta da ƙarfinsa. Shi ya sa ƙa'idar ETRTO, ƙungiyar Turai mai tsara ma'aunin taya da wili, ta kayyade musu iska kada ta wuce bar 5. Ka tuna kuma cewa wurin da tayar gaba ke taɓa ƙasa bai fi girman babban yatsanka ba. A kan wannan ɗan wuri ranka yake rataye lokacin da kake gudun kilomita 60 a awa.

To, ina dabarar damfarar take? Tana cikin lokaci. Takalmi ko riga kana gane jabunsu ranar da ka karɓa. Taya kuwa sai ka yi makonni kana hawa kafin gaskiyarta ta fito. Mutumin ya san haka sarai. Yana ba da kwana bakwai na mayar da kaya, da sharaɗin ba a ɗora ta a wili ba. Ranar da kaya suka iso yake matsa maka da saƙonni ka rubuta yabo a shafinsa, har da alkawarin rangwame a sayayya ta gaba. Na koma na karanta yabon da ke ƙarƙashin tallar ɗaya bayan ɗaya. Kowa cewa yake kaya sun iso da wuri, kwali ya yi kyau, taya ta hau wili cikin sauƙi. Babu ko mutum ɗaya da ya ce ya yi kilomita dubu a kanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne nawa yabon yana cikinsu, kuma ta yiwu shi ya ja wani.

Da na aika masa hotunan yankakkiyar tayar, sai ya fara juya laifi. Wai na cika iska. Na ce masa iskar da na sa ba ta kai iyakar da ke rubuce a jikin tayar ba. Sai ya ce to nauyina ne, ko hanyar da nake bi, ko wilina ne ya lanƙwashe. Da na ambaci abin da ya sami abokina, ko sannu bai ce ba, ya toshe ni. Bayan kwana biyu shafin ya ɓace.

Jabu ba ita kaɗai yake sayarwa ba. Wani da muka yi magana da shi ya samu taya ta gaske daga wurinsa, amma tsohuwar ajiya ce da aka shafe da man ƙyalli ta yi baƙi wuluk. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, rana da iska suna busar da ita. In ka lanƙwasa gefen irin wannan taya a ƙarƙashin fitila za ka ga ƙananan tsage kamar gashi. Tayar mota tana da lambobi huɗu a gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, mai sayen tayar keke kuwa yawanci sai dai ya dogara da idonsa da hannunsa.

In har kun riga kun saya daga irin wannan shafi, kada ku sa ta a gaba ko da na gwaji ne. Ku ɗora ta a sikeli ku kwatanta da nauyin da kamfanin ya wallafa. Ku juya cikinta ku duba saƙar, ku nemi wanda ke da ta gaske ku ajiye su gefe da gefe, ku shafa ku ji bambancin laushi. In ta faɗa wili ba tare da wata gardama ba, ku cire ta. Wanda kuma ya riga ya hau, ya ɗaga keken ya juya wilin a hankali yana kallo daga sama, in ya ga tayar tana rawa hagu da dama, ko tudu a gefe, ko zare ya leƙo, hawa ya ƙare daga nan. Manyan kamfanonin taya suna da jerin dillalansu a shafukansu na intanet, kuma duba shi ba ya cin minti biyar. Sannan in tayar baya ta gaske ta cinye, ku mayar da ta gaba baya, sabuwar ta tafi gaba. Fashewar ta baya sau da yawa ana iya tsayar da keke, ta gaba kuwa ƙasa take kai mutum.

Makon jiya na sake ganin tallar da wani sabon suna. Na gane ta ne da hoton: kwalaye shida a kan farin tebur, na uku daga hagu kusurwarsa a lotse, da alkawarin nan na kilomita 15,000 a ƙasa. Na kai rahotonta, na kuma rubuta abin da ya faru a ƙarƙashinta, cikin awa ɗaya aka goge. Duk wanda ya ci karo da ita ya kai rahoto shi ma, ya kuma tura wa abokan hawansa wannan rubutu, musamman sababbin shiga da ba su taɓa riƙe ta gaske a hannu ba. Abokina an ce sai nan da mako shida kafin ya iya ɗaga hannunsa sama da kafaɗa.