Takin sokawe da ake haɗawa ta wajen Mando a Kaduna, ga yadda na same shi

Masu tambaya a kan takin nan na kashin sokawe, na saya na zuba wa masara da gwaiba, kuma gaskiya wajen ƙarfi ba ni da ƙorafi, masara ta yi kore shar, kuɗin buhu ma bai kama ƙafar na NPK ba. Baƙi ne, a warwatse, ba ya doyi, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai yake.

Inda raina bai kwanta ba shi ne yadda suke haɗa shi. Mota tana juye abin da ta kwaso, su bari ya tsane, su cakuɗa da garin katako da buntun shinkafa su tara tsibi tsibi. Da yaron wurin ya caka shebur a tsakiya tururi ne ya taso, amma gefen tsibin sanyi ƙalau har ƙudaje na shawagi, kuma ba su da abin auna zafi ko ɗaya. Na ce wa mai wurin, Malam sau nawa kuke juyawa? Ya ce Alhaji duk ranar da muka samu yara. To a Amurka ƙa'idar irin wannan tsibin ita ce zafi ya kai digiri 55 a ma'aunin Celsius ya riƙe kwana 15, a juya sau 5, don na gefe ma ya shiga tsakiya ya dahu. Zafin nan ne ke kashe ƙwayoyin taifot da na gudawa, shi kuwa ƙwan tsutsar ciki ɗan taurin kai ne, yana iya shekaru a ƙasa da ransa.

Sai maganar magani, wadda ta fi damuna wallahi. Mu nan Kaduna ciki na murɗawa sai kemis, a sha Flagyl ko cipro ko kafso ja da yalo kwana biyu a watsar, wani kaso na maganin yana fita ta fitsari da bayan gida, ga ƙwayoyin cutar da suka riga suka saba da shi duk suna haɗuwa a sokawe ɗaya, kuma suna iya miƙa wa junansu wannan taurin na ƙin jin magani. Zafin taki yana rage su sosai amma ba ya gamawa da su duka, balle tsibin da rabinsa bai yi zafi ba. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda cutukan da suka daina jin magani.

Ni dai masara da dawa da itatuwa zan ci gaba da zuba wa, da safar hannu, a binne shi tun kafin shuka. Masu lambu a bakin kogin Kaduna, latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye, don Allah ku bar shi tukuna. Tauraro uku cikin biyar na ba masu haɗa takin. Suna kawowa har gona a a-kori-kura, amma kuɗin mota naka ne, a yi ciniki tun kafin a loda.