Manhajar waya na je saye, suka haɗa ni da shafin intanet

Da zanena a takarda na je wurin masu haɗa manhaja: manhajar da ƙananan 'yan kasuwa za su riƙa rubuta ciniki da bashi, ɗaya ta Android, ɗaya ta iPhone. Su uku ne a kamfanin, ba zan kama suna ba. Wata biyar ke nan muna aiki tare.

Ranar farko babbansu ko kallon zanen bai yi ba. Ya ce, "Malama, mutum nawa suka ce za su biya?" Na ce tukuna dai. Ya ce to in buɗe wayata in ƙirga manhajojin da na taɓa a makon nan. Tara na samu, cikin sittin. Ya ce, "Taki ta sittin da ɗaya kike so ta zama?" Raina ya sosu, gaskiya. Amma na zauna na saurara.

Lissafin da ya yi mini shi ne abu mafi daraja da na saya a hannunsu. Apple na karɓar dala 99 duk shekara kafin ka sa manhaja a App Store, Google kuma dala 25 sau ɗaya. Wannan ba shi ne nauyin ba. Ta iPhone sai da kwamfutar Mac ake haɗa ta. Duk gyaran da ka yi sai ya bi layin tantancewa kafin ya isa hannun mutane, su ma sai sun sabunta. Sabon asusun mutum ɗaya a Google Play sai ya tara masu gwaji 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya fito fili. In kuma masu amfani za su riƙa biyan kuɗin rajista ta cikin manhajar, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na Apple ko Google ne. Na kawo masa zancen Flutter, wadda ake rubutu ɗaya ya yi wayoyin biyu. Bai musa ba, ya ce tana rage aiki, amma ƙofofin nan biyu dai sai an bi su.

Abin da suka gina shi ake kira PWA: shafi ne da ake buɗewa a burauza, ana iya ajiye tambarinsa a fuskar waya, kuma yana riƙe abin da aka rubuta ko intanet ta ɗauke. Mako shida suka miƙa. Adireshin kawai nake turawa ta WhatsApp. Na tsaya a kan wata mai ɗinki tana dannawa, kafin in gama bayani ta shigar da bashin mutum biyu. A mako na biyu wani ya kira ni, jimillarsa ba ta fita daidai in ya goge ciniki. Da rana na faɗa musu, kafin dare kowa na kan gyararren, ba wanda aka ce ya sauke komai.

Inda suka gaza kuwa, sun yi mini shiru a kan abubuwan da suka sani sarai. Ba su ce mai iPhone sai ya shiga burauza ya ɗora tambarin da hannunsa ba, kuma sai ya yi haka sanarwa ke shigo masa, ita ma daga tsarin iPhone na iOS 16.4 na 2023 ta fara. Ba su ce ƙaramar na'urar buga rasit ta Bluetooth za ta yi a Chrome na Android amma ba za ta yi a Safari, burauzar iPhone, ba. A bakin masu amfani na ji duk wannan. Ga sunan shafin da suka yi wa rajista da asusunsu, sai da na yi mako uku ina bi kafin ya dawo hannuna. Wanda zai ba su aiki ya sa wannan a rubuce tun ranar farko.

Akwai kuma tambayar da ba su hango ba: "Tana Play Store?" In na ce a'a, sai in ga mutum ya ɗan ja baya, kamar abin ba na gaske ba ne. Saboda haka na koma musu a kan su naɗe shafin nan mu sa shi a can. Wannan karon babban nasu bai tambaye ni masu biya ba, na riga na ajiye masa sunayensu a kan tebur.