Gargaɗi ga masu harka a Maradi: mai cewa zai fitar da ku Kanada, dosiye yake haɗawa a kanku

'Yan'uwa, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp da Telegram, an ɗinka ta daidai wuyan maza masu harka da maza. Mutum ne zai shigo maka da sallama da ladabi, ya ce shi wakilin wata ƙungiya ce ta Kanada ko ta Turai mai taimaka wa irinmu su samu mafaka. Lambarsa ta soma da +1, hoton shafinsa Bature ne da tuta a bayansa, yana rubuta Faransanci mai tsabta, wani lokaci har da Hausa. Lambar kada ta ruɗe ka. Ana sayen irinta a manhaja, mutum na zaune a Yamai ko Kano ko Kwatano yana amsa ka kamar daga Toronto.

Ba ya tambayar kuɗi a ranar farko. Sai ya ɗauki sati guda ko biyu yana jin damuwarka: matsin gida a kan aure, tsoron 'yan unguwa, abokin fada da ya fara yi maka wani irin kallo. Daga nan ya turo fom mai tambari, ya ce a buɗe maka dosiye. Kuɗin farko ƙanana ne da gangan, jika 15 ko jika 25, abin da mai shago a babbar kasuwa ko ɗalibin jami'a zai iya kukkullawa ba tare da ya tambayi kowa ba. Za a ce ka tura ta Nita ko Amana da sunan wani mutum daban, wai sakatare ne. Bayan kwana uku sai kuɗin fassarar takardu, sai na likita, sai na inshora, sai na "ajiyar tikiti". Kowane biya na zuwa da wa'adi, gobe da azahar ko a ba wani gurbinka. Wanda ya riga ya zuba jika 200 kuwa yana jin ciwon tsayawa, shi ya sa yake ƙara zubawa.

Amma kuɗin ba su ne babbar asara ba. Tsakiyar dosiyen akwai wurin da ake ce maka ka kawo hujjar cewa kai mai harka ne. Za a nemi hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, shafin fasfo, hotonka riƙe da katin kusa da fuska, saƙon murya kana ba da labarinka da bakinka, hotunan hirarka da abokinka, sunayen iyaye da unguwa, lambar wani ɗan'uwa "don gaggawa". A ƙarshe a ce bidiyo, wai alƙalin can ba ya yarda sai ya gani. Duba abin da ka tara masa: fuska, suna, murya, ikirari, da lambar yayanka. Ranar da ka ce kuɗi sun ƙare, muryar ladabi ta tafi. Sai hoton jerin abokanka na Facebook ya shigo, da sunan mahaifinka a sama, da adadin da za ka biya kafin sallar isha'i. Ya san tun 2023 hukumomin ƙasar nan ke maganar tsaurara doka a kan wannan al'amari, ya kuma san Maradi gari ne da magana ke zagaye shi kafin shayi ya huce. Da tsoron nan yake cin abinci.

Maganar bidiyo ita kaɗai ta isa ta tona shi. A watan Disamba na 2014 kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur ta yanke cewa hukumomin ba da mafaka ba su da hurumin karɓar bidiyon kwanciya ko yi wa mutum wani gwaji don tabbatar da ko wane ne shi, ko da shi da kansa ya kawo. Abin da ake yi hira ce, ido da ido, da jami'i da tafinta. Duk wanda ya ce ka cire riga gaban kyamara saboda takarda, ba takarda yake nema ba.

Sauran ƙaryar ma ba ta da ƙafa in ka san yadda abin yake tafiya. Yarjejeniyar Jeneba ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa, don haka ɗan Nijar da ke zaune a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo nan Maradi ba ya samun wannan matsayi ta waya. HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na da ofis a Maradi saboda mutanen da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma dukan aikinta kyauta ne, daga rajista har tafiya. Ko cikin waɗanda aka riga aka amince da su a duniya, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ake kai wa wata ƙasa ta uku a shekara. Rainbow Railroad, wadda 'yan damfara kan ari sunanta, ƙungiya ce ta gaske a Toronto mai taimaka wa irinmu, sai dai ba ta karɓar ko dala, kai ne ke neman ta ta shafinta, layinta dogo ne, kuma ba ta yi wa kowa alkawari. Bizar ziyara ta Kanada dala 100 ce ta kuɗinsu, ɗaukar zanen yatsu dala 85, ana biya a shafin gwamnati. Ta Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun watan Yuni na 2024, kusan jika 59. Zanen yatsu sai ka je da ƙafarka. Bizar kuma manna ta ake yi cikin fasfo, ba a turo ta a WhatsApp. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun Janairun 2024, to mai cewa yana da mutum a ciki sai ka tambaye shi ta wace ƙofa.

Tikitin da suke turowa yakan ruɗi mutane, domin lambarsa ta haruffa shida tana fitowa a shafin kamfanin jirgi. Ajiyar kujera ce kawai da ba a biya ba, bayan kwana ɗaya zuwa uku ta goge kanta. Sake dubawa a rana ta huɗu.

Mataki mafi haɗari shi ne in aka ce ka taso. Wasu a kira su Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, a ce su sauka wani otel su kawo fasfo da sauran kuɗi a hannu. Wasu a ce su bi ta Ɗan Isa su shiga Jibiya, wakili na jira a Katsina ko Kano. Wannan hanya dai kowa ya san halin da take ciki da masu garkuwa da mutane, sannan da ka tsallaka ka shiga ƙarƙashin dokar Najeriya ta 2014 da ta hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 da shekara 10, ga kotunan shari'a da Hisba a jihohin nan biyu. A can har suna aka yi wa wannan tarko, kito: ka shiga ɗaki ka tarar da mutum huɗu, a karɓe waya, a buɗe ta da yatsanka, a ɗauki bidiyo, a kira gida. Masu cewa ta Agadas za a bi kuwa, soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure da aka yi a Nuwamban 2023 bai rage nisan hamada ba, bai kuma hana Aljeriya zubar da mutane kilomita 15 daga Asamaka su ƙarasa a ƙafa ba.

In ka riga ka faɗa tarkon, kada ka biya. Biyan farko shaida ce gare shi cewa akwai na biyu. Kafin ka toshe shi ka ɗauki hoton dukan hirar yadda lamba da rana za su fito, ka adana rasit ɗin kowane aike mai sunan wanda ya karɓa, ka ajiye su wani wuri ba cikin wayar da kake yawo da ita ba. Ka ɓoye jerin abokanka a Facebook, ka sauya kalmar sirri, ka kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp. Lambar nan mai alƙaluma shida da ke zuwa ta saƙo kada ka karanta wa kowa, da ita ake sace asusu a riƙa roƙon kuɗi da sunanka. Saƙon "gani sau ɗaya" ba kariya ba ne, waya ta biyu na ɗaukar hotonsa.

Ƙwace ta hanyar barazana laifi ne a dokar Nijar, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Duk da haka ba ma ba da shawarar ka doshi komisariya kai kaɗai da wayarka a hannu, don abin da ke cikinta na iya juyowa kanka. Fara ganin lauya, shi doka ta ɗaure shi da riƙe sirri, ku tsara abin da za a faɗa. In fasfo ko katinka na hannunsu, ka je ka yi sanarwa cewa mai damfarar biza ya karɓe, wannan gaskiya ce kuma ta wadatar, domin da kwafin katin ana iya yin rajistar layin waya a damfari wani da sunanka. In hotunan hirar da ka tura akwai fuskar abokinka ko lambarsa, ka gaya masa yau, kafin saƙonsu ya riga naka isa.