Kyamarar da ta gano abin da ya shekara biyu yana toshe mana banɗaki

Gidanmu na gado ne, a wata tsohuwar unguwar ma'aikata a Kaduna. Marigayi Baba ya saye shi a 1978, a lokacin ma ya sha jiki. Sama da shekara biyu da suka wuce ya fara nuna mana tsufansa ta ƙasa: in an ja ruwa a banɗakin Hajiya, sai magudanar wankan ɗaya ɓangaren ta yi ta ƙugi kamar cikin mai yunwa, wani lokaci ruwa mai wari ya taso. Kowa ya ce sokawe ce ta cika. Sau uku muka kira motar kwasa, su kwashe, su zura rodi su sossoka, mu samu sauƙin sati biyu abin ya dawo. Sodar da muka zuba kuwa, Allah kaɗai Ya san yawanta.

Wani ɗan'uwa ne ya haɗa ni da wasu matasa masu aikin famfo da ke duba bututu da kyamara. Da ogansu ya faɗi kuɗin dubawa kaɗai sai da na gyara zama, don ya kai na kwashe sokawe sau biyu, kuma ba a gyara komai ba tukuna. Na biya ina ƙunƙuni. Yau kam a duk kuɗin da na kashe a kan matsalar nan, shi ne wanda ban yi da-na-sani ba.

Na'urar doguwar waya ce mai ɗan tauri, da kyamara da fitila a kanta, ana zura ta ta chamba, wato ɗan ramin dubawa mai murfi da ke kan hanyar bututun, ana kallo a allo, a gefe kuma tana ƙirga mitocin da ta shiga. Ya ce, "Yallaɓai, matso ka gani da idonka, kar gobe ka ce na ƙara maka aiki." Ashe daga bangon gida zuwa ramin, bututun na yumɓu ne irin na da, guntu-guntu, kowane bai wuce ƙafa biyu zuwa uku ba, an haɗa bakunansu da siminti. Simintin ya tsattsage. A mita na shida muka ci karo da saiwa, ta shigo ta mahaɗa siririya kamar gashi, ta samu ruwa da taki a ciki ta zama dunƙule kamar soson wanka, tsumma da leda duk sun maƙale a jikinta. Da suka yanke ta da injinsu kyamara ta wuce, sai a mita na sha ɗaya ta nutse cikin ruwa tsulum. Nan ƙasa ta zauna, bututun ya lotsa ya yi ciki, ƙazanta ta samu wurin kwana. Sokawen da muke ta zargi, ko rabi ba ta yi ba.

Abin da ya burge ni shi ne bai ɓoye min zaɓi ba. Ya ce za a iya tsayawa a yanke saiwar, amma za ta sake tsirowa tunda ƙofarta na nan. Na tambaye shi dabarar da na gani a intanet, wadda ake zura riga mai gam a cikin tsohon bututu ta daskare ba tare da haƙa ba. Ya ce ko da yana da kayan, ba za ta ɗaga wurin da ya lotsa ba, siffar tsohon za ta bi. Sai haƙa.

Suka sa roba mai inci huɗu, dogaye, mahaɗa kaɗan, suka shimfiɗa yashi a ƙarƙashi, suka ba ta gangara: duk mita arba'in ta sauka mita ɗaya. Da igiya da lebur suka auna, ba da ido ba. Suka ƙara chamba a kwana, suka kuma buɗe bututun iska na bayan gida da tsuntsu ya cika da ciyawa, wanda shi ma yana cikin masu jawo ƙugin.

To, ga inda suka ɓata min rai. Kwana uku suka ce, takwas aka yi. Leburorinsu sun sare bututun ruwan sha da diga, muka kwana biyu muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, sai da na ɗaga murya kafin su yarda gyaran nasu ne. Ba su kuma daddanne ƙasar da suka mayar ba. Ruwan farko na damina, wurin ya zauna har ya ja bulon tsakar gida.

Saiwar ta darbejiyar da Baba ya dasa ce. Ogan ya ce a sare ta, Hajiya ta ce, "Ɗan nan, sai dai ka kauce da bututunka, itacen nan ya riga ka zuwa gidan." Haka aka yi, aka zagaye ta, na biya kuɗin ƙarin roba biyu.

Wata bakwai ke nan babu wari babu ƙugi. A wajen gano matsala da shimfiɗa bututu zan ba su huɗu da rabi cikin biyar, a cika alƙawari kuwa biyu ma da ƙyar. Wanda zai kira irinsu, ya sa a rubuce cewa mayar da ƙasa da bulo yana cikin kuɗin, ya kuma karɓi bidiyon kyamarar a wayarsa. Ni har yanzu ina jiran su zo su gyara min tsakar gida, jiya ma ogan ya ce ranar Asabar in Allah Ya yarda.