Sabon Tiyo da Pabe a Layinmu, Bayan Damina Ɗaya

Mu bakwai ne masu injinan matse man gyaɗa da na ƙanƙara a layi ɗaya a nan Maraɗi, kusa da hanyar da ke fita zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Ayyukan Maraɗi Kwalliya na 2015 sun ƙawata manyan tituna, amma lungunmu yana nan da rairayinsa, kuma bayan ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya zaizaye mana ƙofar ma'aikata har tsohon tiyon ƙarfe ya fito fili, sai muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani ƙaramin kamfanin gine-gine na nan garin.

Abin da ya fi burge ni shi ne shugaban ma'aikatan ya ƙi taɓa hanya kafin ya gama da ruwa. Ya fayyace mana tun farko cewa iyakar aikinsa daga kwanta, wato mitar ruwa, zuwa cikin gida ne, domin babban tiyo yana hannun kamfanin ruwa na ƙasa. Da suka yanko tsohon tiyon, ya miƙo mini guntu ɗaya: tsatsa ta cike cikinsa har ɗan yatsana ya kasa shiga, alhali shekara da shekaru muna ɗora laifin raunin pampo a kan shato, wato babban tankin ruwan gari. Suka sa baƙin tiyon roba a kan shimfiɗar rairayi mai laushi, suka bar ramin a buɗe kwana biyu da ruwa a ciki don a ga ko akwai yoyo, sannan suka rufe.

Shi ne kuma ya hana mu kwalta. Hujjarsa ita ce idan tiyo ya fashe a ƙarƙashin pabe, wato tubalan da ake jerawa a kan hanya, ana ɗaga tubalan a gyara a mayar da su, ita kuwa kwalta sai an fasa ta, kuma facinta ba ya daɗewa a inda manyan motoci ke juyawa. Damina ɗaya ta wuce, tubalan suna nan daram, sai dai a bakin ƙofar da motocin buhunan gyaɗa ke ja da baya, inda suka ɗan lotsa saboda ba a daddaɓe ƙasar wurin sosai ba.

Magudanar ruwa ce suka yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya san cewa ambaliyar 1945 ce ta kori tsohon gari daga bakin Gulbi zuwa tudu bai kamata ya gina ƙaramar magudana marar marfi a Maraɗi ba, kuma ga shi rairayi da leda sun toshe ta tun kafin tsakiyar damina. Sun kuma wuce wa'adi da mako uku, abin da ya jawo wa masu ƙanƙara asara a tsakiyar bazara.

Zan sake ba su aikin tiyo da pabe ba tare da wani ɗar ba, amma faɗin magudana da marfinta sai an rubuta su a takardar yarjejeniya kafin in biya kuɗin somin aiki.