Kayan Gyaran Giyar Keke a Gida: Me Ya Kamata Mai Keke a Jos Ya Fara Saya?

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Farin Gada da keke ya nufi cikin gari, ko ya gwada hanyar da ke bi ta gindin duwatsun Shere, ya san cewa giya a garin nan ba ado ba ce, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka gamu da hawa ko gangara ba. Saboda haka da zarar giya ta fara tsalle ko sarƙa ta fara ƙarar ƙas-ƙas, hankalin mai keke yakan tafi kan direla, wato ƙarfen nan da ke rataye a gefen tayar baya yana tura sarƙa daga wannan faifai mai haƙora zuwa wancan. Ita ce ta fi ɗaukar ido a shago, amma a ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata a saya.

Na koyi wannan ne da kuɗina. Akwai lokacin da kekena ya ƙi zama a giya ta uku da ta huɗu, na je na sayo sabuwar direla na ɗaura, matsalar tana nan daram. Da na gaji na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a wajen Bauchi Road, sai ya tsuguna a bayan keken, ya rufe ido ɗaya ya auna, ya ce, "Ɗana, ai ba ita ba ce, maratayinta ne ya lanƙwashe." Ashe ɗan kunnen ƙarfen da direla ke ɗaure a jikinsa ne ya karkata ciki ranar da keken ya faɗi ta ɓangaren dama a ƙofar gida. Wannan kunne an yi shi da taushi da gangan, don ya lanƙwashe a madadin jikin keken, kuma kusan kowane samfurin keke da siffar nasa, don haka idan za ka sayi sabo, kwance tsohon ka tafi da shi a aljihu.

Bayan maratayi sai waya da rigarta, wato bututun da wayar ke bi ta cikinsa, waɗanda su ne mafi araha kuma su ne suka fi jawo rigima. Wayar giya siririya ce, kaurinta milimita 1.1 ko 1.2, rigarta kuma yawanci milimita 4 ce, an yi ta da zirin ƙarfe a tsaye yadda ba za ta matse ba idan an ja. Rigar birki milimita 5 ce, ƙarfenta a naɗe yake, tana ɗan matsewa, wannan matsewar kuwa ta isa ta hana giya faɗawa inda aka nufa. Sau da yawa rigar birkin ake miƙo wa mai saye idan bai tantance ba. Tsakanin waya mai farin shafi da wadda ba ta tsatsa, ta biyun ta fi dacewa da daminar Jos mai tsawo, ko da ta ɗan fi tsada.

Sarƙa kuma auna ta ake yi kafin a yanke mata hukunci. Sabuwar sarƙa, idan ka ƙirga mahaɗa 12 cikakku, wato kowace da ta ciki da ta waje a haɗe, tsawonsu inci 12 ne cif. Idan ya ƙaru da kashi ɗaya cikin sha shida na inci, lokacin sauyi ya yi, idan kuwa ya kai kashi ɗaya cikin takwas, to akwai yiwuwar ta riga ta cinye haƙoran faifan baya, sabuwa ma tsalle za ta riƙa yi a kansu. Akwai ɗan ƙarfen awo mai lamba 0.5 da 0.75 da ke sauƙaƙa wannan aiki, amma rula ma ta wadatar. Sarƙar giya 6 da 7 da 8 tana iya shiga juna, daga 9 zuwa sama kuwa kowace da nata faɗin, suna ƙara sirancewa.

A nan ne nake ba da shawarar da wasu matasa masu son keken tsere ba za su so ba: ga mai hawan yau da kullum, giya bakwai ko takwas a baya ta fi goma ko sha ɗaya amfani. Kayanta sun fi samuwa, sarƙarta ta fi kauri, kuma tazarar da ke tsakanin faifanta ta fi faɗi, yadda ƙaramin kuskure wajen saiti ba zai hana ka isa gida ba. A jerin kayan giya na kamfanin Shimano, Tourney ce ta ƙasa, sai Altus, sai Acera, sai Alivio, sannan Deore. Idan aka ajiye mini sabuwar direla mai sheƙi wadda ba a san asalinta ba, ko da an buga mata suna a jiki, aka kuma ajiye Acera ta gwanjo da aka cire daga keken Beljiyam, zan ɗauki ta gwanjon, muddin na girgiza ta na ji gaɓoɓinta ba su yi sako-sako ba, kuma ƙananan tayoyinta biyu haƙoransu ba su yi tsini ba. A kula kuma kada a haɗa madannin giya, wato abin da ake dannawa a hannun keke don sauya giya, na kamfanin SRAM da direlar Shimano haka kawai, domin tsawon wayar da kowanne ke ja a dannawa ɗaya ya bambanta.

Madannin ma iri biyu ne. Akwai mai lamba, wanda ke yin ƙas sau ɗaya ga kowace giya, tsarin da Shimano ta yaɗa tun 1984, akwai kuma na da, wanda hannunka ne ke lalubo wurin da sarƙa za ta zauna. Mai lamba ya fi daɗin hawa, amma yana buƙatar komai ya zama daidai. Na da ɗin ba ruwansa da yawan faifai ko sunan kamfani, shi ya sa ya fi dacewa da keken da aka harhaɗa daga kaya daban-daban.

Kafin sayen faifan baya, a gane ko firiwil ne ko kaset. Firiwil murɗa shi ake yi a kan cibiyar taya kamar murfin kwalba, kuma shi ya fi yawa a kekuna masu giya biyar zuwa bakwai. Kaset zura shi ake yi, sannan a kulle da zobe. Kowanne da mabuɗinsa, kaset kuma sai an haɗa da mariƙi mai guntun sarƙa da zai hana shi juyawa. Wanda sau ɗaya a shekara biyu zai kwance su, gara ya biya mai gyara da ya sayi waɗannan.

Abin da ya cancanci zama a gida kaɗan ne: alanki mai lamba 4 da 5 da 6, sukudireba, macirin sarƙa, da almakashin waya na gaske, domin filaya tana murƙushe rigar waya ta kuma tarwatsa bakin wayar. Da sukudireba ake saita kusoshi biyu masu alamar H da L, waɗanda aikinsu kawai hana sarƙa zarcewa waje ko faɗawa cikin taya. Ba su ne ke gyara tsallen giya ba, wannan aikin ɗan mamurɗin da ke bakin waya ne, kuma kwatan zagaye ake juya shi kowane karo ana gwadawa.

Sai batun mai. Baƙin man inji da aka saba ɗiba a wurin makanikai kyauta ne, amma da hunturu yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa a cikin sarƙa. Man sarƙa mai bushewa ya fi dacewa daga Nuwamba zuwa Maris, mai danƙo kuma idan ruwa ya sauka. Kowanne ka zaɓa, wanke sarƙar da kananzir tukuna, ka bari ta bushe, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace mahaɗa, sannan ka goge na waje da tsumma har sai yatsanka ya daina ɗaukar baƙi.